Man Sanyaya Kwamfuta: Wanne Ya Dace da Zafin Magariya da Dungas?

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake ce wa laftof, ta zama kayan aiki a gundumomin Magariya da Dungas na jahar Damagaram. Da ita ake buga takardu a ofishin magajin gari, da ita ma'aikatan lafiya ke tsara rahotonsu na wata, da ita kuma samari ke tura wa mutane karatu da finafinai a salula ranar kasuwa, tun daga Bande har Dogo-Dogo. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci na hannu ne. Sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso gare ku. Idan kuna da irinta, ko kuna kula da ta ƙungiyarku, wataƙila kun lura cewa da zarar bazara ta kama sai ta soma nauyi, fankarta ta riƙa ƙara, wani lokaci ma ta ɗauke ana tsakiyar aiki. In kun kai ta wurin mai gyara, zai ce muku sai an sake mata mai. Wannan bayani zai nuna muku ko wane mai ne wannan, da bambancin da ke tsakanin ire-irensa, domin ku san abin da za ku biya kuɗinsa.

Tun da farko, kada ku haɗa shi da man zafi na shafawa a jiki. A jikin kwalinsa za ku ga an rubuta pâte thermique da Faransanci, ko thermal paste da Ingilishi. Mu a nan za mu kira shi man sanyaya kwamfuta.

Daga ina zafin yake fitowa?

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan guntu mai ƙyalli kamar madubi, wanda girmansa bai fi farcen babban yatsa ba. Sunansa firosesa, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. A cikinsa ake yin duk lissafi, kuma duk wutar da ya sha zafi take komawa. Na kwamfutar ofis yakan sha kimanin wat 15, na manyan kwamfutoci kuwa kimanin wat 45. Wasu kwamfutocin, musamman na masu haɗa bidiyo da na wasanni, suna da guntu na biyu wanda aikinsa zana hoto, galibi ƙirar kamfanin Nvidia ko AMD. Shi ma yana yin zafi, har yakan fi na farkon. A yawancin kwamfutocin ofis, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, mai zana hoton yana cikin firosesa ne, sabili da haka wuri guda ne ke ɗaukar zafi.

Domin a fitar da wannan zafi, ana ɗora wa guntun wani faranti na jan ƙarfe. Farantin yana manne da wani siririn bututu mai ɗan ruwa a ciki. In zafi ya taɓa ruwan sai ya zama tururi, ya tafi ɗaya bakin bututun, inda akwai siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji. A nan fanka ke hura iska, zafin ya fita waje, tururin ya sake zama ruwa ya koma.

Matsalar tana tsakanin guntun da farantin. A ido, dukansu biyu sumul suke. Amma in an duba da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan ramuka da tudu a fuskar kowanne. In an haɗa su, iska ce ke cika ramukan, ita kuwa iska ba ta barin zafi ya wuce. Kun san haka daga ɗakin bunu: iskar da ke maƙale cikin ciyawar rufi ita ke tare zafin rana, shi ya sa ya fi ɗakin kwano sanyi. Abin da ke da amfani a rufin ɗaki, a cikin kwamfuta illa ne. Aikin man shi ne ya kori wannan iska, ya cike ramukan kamar yadda yaɓe ke cike tsagar bango, domin zafi ya samu hanyar wucewa daga guntu zuwa faranti. Man da kansa ba ya sanyaya komai. Gada ce kawai.

Lambar da ke jikin kwali

A jikin kwalaye da yawa za ku ga lamba, sa'an nan haruffa W/mK. Wannan ma'auni ne na yadda abu ke barin zafi ya ratsa shi. Iska tana da 0.026. Jan ƙarfe yana da kimanin 400. Man sanyaya mai kyau yana tsakani, alal misali 8.5. Wato ya fi iska sau fiye da 300, amma jan ƙarfe ya fi shi kusan sau 50. Daga nan za ku fahimci abu guda mai muhimmanci: man da aka labta da kauri yana tare zafi ne. Wanda aka shafa siriri shi ke aiki.

Kada ku dogara da lambar nan ita kaɗai. Kowane kamfani shi ke rubuta tasa, kuma ba da hanya ɗaya suke awo ba. Kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ba ya rubuta ta a jikin mansa. Kamfanin Arctic ma ya daina rubuta ta a sababbin ire-irensa, bisa dalilin cewa wasu masu sana'ar na ƙara gishiri. In kun ga ɗan sirinji mai araha, marar sunan kamfani, da babbar lamba a jikinsa, to ku yi shakka.

Abin da ya bambanta ƙasarmu

Masu gwada waɗannan mayuka a Turai da Amurka suna yin gwajinsu a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. A Magariya da Dungas, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, a shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Da iskar ɗakin da kuke zaune fanka ke sanyaya kwamfuta. Saboda haka, duk digirin da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a kan firosesa. Kwamfutar da ke aiki a digiri 80 cikin ɗaki mai digiri 25 za ta kai wajen 95 cikin ɗaki mai digiri 40. Yawancin firosesan kamfanin Intel kuwa iyakarsu wajen digiri 100 ce. In guntun ya kusa iyakarsa, sai ya rage gudu da kansa domin kada ya ƙone, wannan shi ne nauyin da kuke ji. In zafin bai sauka ba, sai ya kashe kwamfutar.

Akwai kuma wani abu da ya shafi laftof musamman. A babbar kwamfutar tebur, firosesa yana da murfin ƙarfe. A laftof babu murfi, farantin yana zaune kai tsaye a kan guntun. Duk lokacin da kwamfuta ta yi zafi, guntu da faranti suna ɗan buɗewa, in ta huce su tsuke, kuma ba daidai da juna suke yin haka ba. Wannan ɗan motsi, yau da gobe, yana matse man yana tura shi gefe, har tsakiyar guntun ta koma ba komai. Man da ke da ruwa-ruwa shi ya fi saurin gudu. Shi ya sa wani zai sake mai, kwamfuta ta yi sanyi na wata biyu ko uku, daga nan zafi ya dawo. A ƙasa irin tamu, tambayar da ta kamata ku yi game da kowane mai ita ce: wata nawa zai yi a wurinsa yana aiki?

Wannan hawa da saukar zafi ba man kaɗai yake wahalarwa ba. A shekarar 2008 kamfanin Nvidia ya amsa cewa wasu guntayen hotonsa da ke cikin laftof suna lalacewa, domin zafi da sanyi suna tsinka mahaɗin da ke cikinsu, har ya ware kusan dalar Amurka miliyan 200 don gyara. An gyara wannan kuskuren ƙira tun tuni, amma ya nuna irin ɓarnar da zafi ke yi a hankali. In guntun laftof ya mutu, gyaransa na da wuya, domin a like yake da babban allon kwamfutar.

Ire-iren man

Na farko shi ne farin mai, wanda ake haɗawa da silikon da garin tutiya. Shi ne mafi araha, masu gyaran rediyo da talabijin sun daɗe da saninsa. Lambarsa ba ta cika wuce 1 ba. Ya isa ga kayan rediyo, amma ga laftof a bazara bai isa ba, yana kuma saurin rabuwa, ruwan ya tsiyaye, garin ya bushe.

Na biyu shi ne mai ruwan toka mai sauƙin kuɗi daga ƙasar Sin, irin su HY510 da GD900. A jikin HY510 ana rubuta 1.93, a jikin GD900 kuma 4.8. Irinsu ne aka fi samu a teburin masu gyara, domin ana sayar da su cikin ɗan gwangwani ko babban sirinji da zai yi kwamfutoci da yawa. GD900 na ainihi ba abin rainawa ba ne. Ga kwamfutar ofis mai wat 15, wadda aikinta buga takarda da lissafi, zai yi, in dai kun yarda za a sake shi bayan shekara guda ko makamancin haka. HY510 bai kai shi ba.

Na uku su ne na sanannun kamfanoni. A nan ne masu saye suka fi ruɗewa, domin kowa na yabon nasa. Arctic MX-4 ya fito a 2010, lambarsa 8.5, ba ya ɗaukar wutar lantarki, yana da sauƙin shafawa. Sai dai yana da ɗan ruwa, don haka a kan guntu marar murfi mai zafi ƙwarai yakan gudu. MX-6, wanda ya fito a 2022, ya fi shi kauri, ya fi zama a wurinsa. Noctua yana da NT-H1, da kuma NT-H2 da ya fito a 2019, su ma ba sa ɗaukar wuta. Kryonaut na kamfanin Thermal Grizzly da ke Jamus yana da lamba 12.5, kuma a makonnin farko yana cikin waɗanda suka fi sanyaya. Amma digiri 80 ne iyakar da kamfanin ya ambata cewa man ba ya bushewa, laftof kuwa a nan tana wuce 80 kusan kullum a bazara. Tsadarsa ba za ta biya ku ba. Akwai kuma Arctic Silver 5, na wani kamfani dabam a Amurka, mai garin azurfa a ciki. Tsohon mai ne mai suna, amma masu shi sun yi gargaɗin kada ya taɓa ƙananan hanyoyin wuta da ke gefen guntu, a laftof kuwa waɗannan a buɗe suke.

Ku sani cewa tsakanin waɗannan masu kyau, ranar da aka shafa su, bambancin digiri kaɗan ne, sau da yawa bai kai 5 ba. Babban bambanci yana tsakanin busasshen tsohon mai da sabo, kowanne ne. Bayan watanni kuma, mai kauri shi ke cin nasara.

Na huɗu ba a cikin sirinji yake zuwa ba. Sunansa PTM7950, na kamfanin Honeywell da ke Amurka. Siririn falle ne mai ruwan toka, kaurinsa kimanin rubu'in milimita, a tsakanin leda biyu. Ana yanka shi daidai girman guntun a ɗora. In zafi ya kai digiri 45 sai ya yi laushi ya shiga ramuka, in ya huce ya sake daskarewa. Saboda wannan hali nasa ba ya gudu gefe kamar sauran, yakan yi shekaru yana aiki. Lambarsa 8.5 ce kawai, daidai da ta MX-4, wanda ke ƙara nuna muku cewa lamba ba ita ce komai ba. A ganinmu shi ya fi dacewa da kwamfuta mai guntun hoto na dabam, wadda ke wuni tana haɗa bidiyo. Wahalarsa biyu. Samunsa ba sauƙi, sai an yi saƙonsa daga babban birni, kuma jabunsa ya yi yawa domin ƴan kasuwa ne ke yanka shi ƙanana su sayar. Sa'an nan ɗora shi cikin zafi aiki ne, domin da ranar bazara yana yin laushi ya manne wa ledarsa. A sa shi cikin firji na ɗan lokaci kafin a yanka, ko kuma a yi aikin da sassafe.

Na biyar shi ne ruwan ƙarfe, irin su Conductonaut, mai lamba 73. Haɗi ne na wasu ƙarafa uku, babbansu galiyom, wanda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 30 ba. Babu wanda ya kai shi sanyaya guntu. Kamfanin Sony ya sa shi cikin na'urar wasa ta PlayStation 5 a 2020, kamfanin ASUS ma yana sa shi a wasu kwamfutocinsa na wasanni, amma a masana'anta ake yi masa shinge don kada ya zuba. Ruwan ƙarfe yana ɗaukar wutar lantarki: ɗigo guda in ya faɗa kan allo ya isa ya ƙone kwamfuta. Yana kuma cinye alminiyom, ƙarfen nan da ake yin tukwane da shi, wanda akwai shi a wasu farantan. Kwamfutar da ake goyawa a babur a kan hanyar Waca ko ta Malawa tana shan girgiza, ruwa kuwa ba ya zama wuri guda. Shawararmu ita ce ku bar shi, ko da mai gyara ya yaba muku shi.

Wani zai ce muku man goge baki ma yana yi. Yana yi na ƴan kwanaki, domin ruwan da ke cikinsa, daga nan ya bushe ya zama gari. Basilin da giris da man kaɗanya kuwa narkewa suke yi su bi allo. Kada ku yarda a sa muku ko ɗaya.

Ƙura kafin mai

Sau da yawa laifin ba na man ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi, fanka kuma tana zuƙar ta kullum. Ƙurar tana haɗuwa da zaren tufafi ta zama kamar auduga a bakin haƙoran ƙarfen nan, ta toshe hanyar iska. In hanya ta toshe, ko wane irin mai aka sa zafi ba zai fita ba. Ku kai hannu bakin da iska ke fita. In fanka na ƙara amma iskar kaɗan ce, ƙura ce. Lokacin da ya fi dacewa a buɗe a share shi ne ƙarshen hunturu, cikin Maris, kafin zafi ya tsananta. Ana sharewa da ɗan buroshi mai laushi. In za a hura iska, a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi juyin da zai lalata ta.

Wurin ajiyewa ma yana da tasiri. Yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska. In kun ɗora ta a kan katifa, ko matashi, ko darduma, kun toshe mata hanci. Ku ɗora ta a kan tebur ko allo, ku ɗaga bayanta da ɗan katako. Aiki mai nauyi kuma, in da hali, a yi shi da safe ko da dare.

Ranar da za a sake man

Kafin a taɓa komai, ku sa a auna zafin. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Core Temp da HWMonitor, masu nuna zafin firosesa a fuskar kwamfuta. Ku rubuta lambar da kuka gani lokacin da take aiki mai nauyi, da lokacin da aka auna. In zafin bai kai 80 ba amma kwamfutar na ɗaukewa, to a bincika caja da batir, ba mai ba ne matsalar. In kuma sabuwa ce mai garanti, buɗe ta na iya ɓata garantin.

Ko da ba ku ne za ku yi aikin ba, yana da kyau ku tsaya ku gani. Ku nemi a nuna muku sirinjin, ku karanta sunan da kanku. Kwalayen Arctic na yanzu suna da wata alama da ake dubawa da salula don a tabbatar ba jabu ba ne. Mai gyara na ƙwarai zai cire caja, ya cire wayar batir daga allo, ya taɓa wani ƙarfe kafin ya sa hannu ciki, domin ƴar wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufafi lokacin hunturu tana iya kashe guntu. Notunan farantin suna da lamba a gefensu, 1 zuwa 4 ko fiye, kuma bi da bi ake kwance su, kaɗan-kaɗan. In farantin ya manne, a ɗan murɗa shi a hankali, kada a finciko, kada kuma a lanƙwasa bututun.

A goge tsohon man tas daga guntu da faranti, da tsumma mai tsabta da alkol mai digiri 90 na farmasi, wanda a Najeriya ake ce wa sifirit. Ba a kankarewa da wuƙa ko sukundireba. In ya bushe, a ɗiga sabon mai kamar ƙwayar shinkafa, a baza shi siriri har ya rufe fuskar guntun duka, domin kusurwar da ba ta samu mai ba za ta yi zafi ita kaɗai. A wasu kwamfutocin za ku ga guntaye biyu masu ƙyalli kusa da juna. A sa man a inda aka tarar da tsohon kawai. In akwai guntun hoto na dabam, shi ma a sake nasa a ranar, tun da faranti ɗaya ne ke rufe su.

A gefen guntun hoto za ku ga wasu ƴan katifu masu laushi kamar roba. Suna cike babban gibi ne tsakanin faranti da wasu ƙananan guntaye, kaurinsu yakan zama rabin milimita, ko 1, ko 1 da rabi. Kada a jefar da su, kada kuma a musanya su da man sirinji. In ɗaya ta yage, a nemo mai kauri daidai da ita. Wadda ta fi kauri za ta ɗaga farantin, ya kasa zama a kan guntun.

Daga nan a mayar da farantin sau ɗaya, a ɗaure notunan bisa lambarsu. In an ɗaga shi don a leƙa, iska ta shiga, sai an goge an sake daga farko. A tuna a mayar da wayar fanka kafin a rufe.

Bayan an gama, ku sake auna zafin a kan irin aikin da kuka auna da farko, a daidai wannan lokaci na rana, ku rubuta. In PTM7950 aka sa, ku ba shi ƴan kwanaki, domin sai ya yi zafi ya huce sau da dama kafin ya zauna sosai. Ku rubuta sunan man da ranar da aka sa shi a ƴar takarda, ku manna a ƙarƙashin kwamfutar. Bayan wata uku ku sake aunawa. In lambar ta hau da digiri 10 ko fiye alhali yanayi bai sauya ba kuma babu ƙura, man ya gudu, a karo na gaba sai ku nemi wanda ya fi shi kauri. Ragowar man kuma a rufe bakin sirinjin sosai, a sa cikin leda, a ajiye a inuwa nesa da rufin kwano.